Dala Miliyan 36 Kan Ƙwayar Lu'ulu'u Ɗaya: Yadda Ake Karanta Alƙaluman Gwanjo

A daren 14 ga Nuwamba, 2018, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya baje kayan ado guda 100 na gidan sarautar Bourbon-Parma a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Abu na ƙarshe da aka ɗaga shi ne kan sarƙar Marie Antoinette, sarauniyar Faransa da aka sare wa kai a 1793: ƙwayar lu'ulu'un teku guda ɗaya, tsawonta bai cika santimita uku ba, tana rataye a jikin ɗan ƙulli na daimon. Kamfanin ya yi ƙiyasin za ta kawo dala miliyan 1 zuwa 2. Washegari jaridun duniya suka kwashi adadi ɗaya suka yaɗa, dala miliyan 36.2, wanda ba a taɓa biyan irinsa kan lu'ulu'u a gwanjo ba.

Adadin gaskiya ne, amma ba shi aka sallama a zauren ba. Tayin da mai gwanjo ya buga wa guduma faran miliyan 32 ne na kuɗin Suwizalan, wanda a lokacin darajarsa ta yi kusan kunnen doki da dala. Sauran faran miliyan 4.4 la'adar kamfani ce da ake ɗora wa mai saye, kusan kashi 14 cikin 100 na kuɗin guduma. Ko sisi daga cikinta ba ya shiga aljihun masu kaya. Su ma a al'adance akwai tasu la'adar da ake yanka, sai dai manyan gidaje kan yi ciniki a rage musu ita ko a yafe. Haka ya faru da lu'ulu'un tauraruwar fim Elizabeth Taylor a 2011: an buga guduma a kan dala miliyan 10.5, aka sanar da dala 11,842,500. A Nuwamban 2024 ma, sarƙar daimon ta ƙarni na 18 da matan gidan Anglesey na Birtaniya suka sa a bikin naɗin sarauta na 1937 da na 1953 an sallama ta faran miliyan 3.55, aka sanar da miliyan 4.26. A nan la'adar kashi 20 ce cif, domin ƙa'idar ita ce gwargwadon ƙanƙantar kuɗi gwargwadon girman kason da kamfani ke ɗauka.

Akwai wata 'yar dabara da ke biyo bayan wannan. Ƙiyasin da ake bugawa a littafin gwanjo babu la'ada a cikinsa, amma sakamakon da ake sanarwa akwai. Idan aka ce kan sarƙar ya ninka ƙiyasin sama sau 18, an auna abu biyu ne da mudu daban-daban. In aka daidaita mudun, ninki 16 ne. Har yanzu abin mamaki ne, ba musu. Amma a ƙananan kaya, inda la'adar ke kai kashi 20 ko fiye, wannan bambanci kaɗai ya isa ya mayar da kayan da aka sallama ƙasa da ƙiyasi ya zama wanda "ya cim ma ƙiyasi" a sanarwar manema labarai.

Shi kansa ƙiyasin bai kamata a ɗauke shi a matsayin ra'ayin kamfani kan haƙiƙanin darajar kaya ba. Masana Sotheby's sun san an sayar da lu'ulu'un Taylor kusan dala miliyan 12 shekara bakwai kafin nan, sun kuma san sunan Marie Antoinette ba ƙaramin suna ba ne. Da suka rubuta miliyan 1 zuwa 2, tarko suka ɗana. Ƙaramin ƙiyasi na jawo masu tayi da yawa, kowa na ganin da rabonsa, in kuma aka fara tayi sai zuciya ta shiga. Farashin ƙarshe ba ya bukatar jama'a. Mutum biyu da kowannensu ya ƙi janyewa sun wadatar. Abin da faran miliyan 32 ke shaida mana shi ne a daren nan an sami mutum na biyu da ya bi tayin har dab da wannan adadi kafin ya haƙura. Da mura ta kwantar da shi a gida, wataƙila da labarin ya sha bamban.

Sai jimillar kuɗin daren, dala miliyan 53.1. Wanda ya raba ta gida 100 zai ce kowane kaya ya kawo dala 531,000, kuma zai yi kuskure babba. Kan sarƙar shi kaɗai ya ɗauki kashi 68 cikin 100 na kuɗin. In aka cire shi, kaya 99 da suka rage sun kawo kimanin dala miliyan 16.9, wato dala 171,000 kowane ɗaya. Kayan da aka tabbatar na Marie Antoinette ne guda 10 ne kacal, sun kuma haɗa dala miliyan 42.7, kashi 80 cikin 100. Ragowar 90 ɗin, waɗanda su ma na sarakuna ne da 'ya'yan sarakuna na Faransa da Ostiriya da Italiya, sun raba dala miliyan 10.4 a tsakaninsu, kimanin dala 115,000 kowanne. Gida ɗaya, dare ɗaya, masu saye iri ɗaya, amma sunan mace ɗaya ya tafi da huɗu cikin biyar na kuɗin.

Wanda ya fi nuna abin a fili shi ne wani ɗan zobe mai harrufan sunanta, da ɗan sumarta a ƙunshe a ciki. Duwatsun jikinsa ƙanana ne, ba su da wata daraja ta a zo a gani, shi ya sa aka yi masa ƙiyasin dala 8,000 zuwa 10,000. An saye shi sama da dala 440,000. A nan ba a ma bukatar dogon lissafi: in kayan jikinsa sun kai dala dubu goma, to sama da kashi 97 cikin 100 na kuɗin an biya ne don sunan da sumar.

Dalilin da sunan ya yi wannan nauyi shi ne ana iya bin sawun kayan hannu da hannu ba tare da gibi ba. A watan Maris na 1791, juyin juya hali na ci, sarauniyar ta sa aka naɗe kayan adonta aka zuba a akwatin katako aka fitar da su a ɓoye zuwa Burasels, hannun Count Mercy-Argenteau, tsohon jakadan Ostiriya a Faris. Daga nan aka wuce da su Biyana. Ita da mijinta Louis na 16 sun yi yunƙurin gudu a watan Yuni na shekarar, aka kama su a Varennes. 'Yarsu Marie-Thérèse ce kaɗai ta fita daga kurkuku da rai, aka sake ta a ƙarshen 1795, ta isa Biyana a 1796 ta karɓi kayan uwarta. Ba ta haihu ba, don haka wani kaso ya gangara zuwa ga 'yar ƙanin mijinta Louise, wadda ta auri sarkin Parma, ya kuma zauna a zuriyar nan har 2018. Kayan adon ƙarni na 18 kaɗan ne suka tsira a siffarsu ta asali, domin magada kan ɓalle duwatsu su sake ɗaura su bisa yayin zamaninsu. Wanda ya tsira, ga kuma takardun gado da ke shaidar wa ya ba wa, shi ne abin da ake kokawa a kai.

Matar da ta kai sarƙar gwal kasuwa a Kano ko Maraɗi ta san yadda cinikin yake: a ɗora a sikeli, a duba karat nawa ce, a buga da farashin giram na ranar, kuma ba mai tambayar wuyan wa ta taɓa hawa. A zauren gwanjo na Janiba sikelin na zuwa ne a baya. Ana auna lu'ulu'u da wani ma'auni da ake kira giren, wanda huɗu daga cikinsa ke ba da karat ɗaya, karat kuma ɗaya bisa biyar ne na giram. La Peregrina, lu'ulu'un Elizabeth Taylor, giren 202 ne da ɗoriya, giram 10 ke nan da 'yan kai. A ƙarshen 2011 gwal mai wannan nauyi bai wuce dala 500 zuwa 600 ba. La Régente, wanda Napoleon ya saya wa matarsa Marie-Louise a 1811, ya fi shi girma da rabi, giren 302, giram 15. Kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da shi a Janiba a 2005 kan kimanin dala miliyan 2.5. Babban ya kawo ƙasa da rubu'in kuɗin ƙaramin. Gaskiya ne akwai shekara shida tsakanin gwanjon biyu, kuma La Peregrina ya yi suna wajen daidaiton siffa, an kuma sayar da shi haɗe da sarƙar da kamfanin kayan ado na Cartier ya ƙera masa da jan yaƙutu da daimon. Duk da haka waɗannan ba su isa su cike gibin dala miliyan tara ba. Abin da ya cike shi tauraruwar fim ce da ta rasu wata tara kafin gwanjon, duniya na cikin jimaminta.

La Peregrina shi ne misalin da dillalai suka fi son kawowa in suna son nuna cewa kayan ado jari ne. An tsamo shi a tekun Panama a ƙarni na 16, ya shiga taskar Philip na 2 na Sifaniya, ya daɗe a hannun sarakunan ƙasar, ya fita da Joseph Bonaparte, ya ƙare a gidan Abercorn na Birtaniya. Richard Burton, mijin Taylor, ya saya mata shi a gwanjo a 1969 kan dala 37,000. Daga 37,000 zuwa miliyan 11.8 ninki 320 ne a shekara 42, kamar a ce kuɗi na haihuwar kusan kashi 15 cikin 100 kowace shekara ba fashi. Sai dai dalar 1969 ba ita ce dalar 2011 ba. Farashin kaya a Amurka ya ninka sau shida da ɗoriya a tsakani, don haka 37,000 ɗin Burton sun yi daidai da kimanin 227,000. In aka ɗauki kuɗin guduma, wanda shi ne ya je ga magada, aka auna da wannan, ninkin ya sauko zuwa 46, kafin a cire kuɗin sarƙar Cartier da inshorar shekara arba'in. Riba ce mai tsoka ko a hakan. Tambayar ita ce wa zai iya maimaita ta. Wani kaso mai yawa na ƙarin darajar Taylor ce ta saka shi da kanta, ta hanyar sa lu'ulu'un a fina-finai da gaban masu ɗaukar hoto. Attajirin da ya saya ya kulle a banki ba zai ƙara masa komai ba.

Hauhawar farashin nan ita ce kuma ke ɓata yawancin "tarihin da aka kafa". An yi ta shelar cewa gwanjon Bourbon-Parma ya doke na kayan Duchess ta Windsor, wanda Sotheby's ta yi a Janiba a 1987 ya kawo dala miliyan 50.3. A takarda haka ne, 53.1 ta fi 50.3. Amma dala miliyan 50.3 na 1987 sun kai kimanin miliyan 111 a kuɗin 2018. Kayan matar da sarkin Ingila ya ajiye gadon sarauta dominta sun ninka na gidan Parma, in ana maganar abin da kuɗin ke iya saye.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk wanda zai yi maganar lu'ulu'u a matsayin ajiyar dukiya dole ya bi ta kan 1917. A shekarar ne Pierre Cartier ya karɓi gidan attajiri Morton Plant mai lamba 653 a titin Fifth Avenue na birnin Niyu Yok, ya biya da dala 100 da sarƙar lu'ulu'u mai zubi biyu da matar Plant ta gani ta ƙyasa, wadda aka yi wa kuɗi dala miliyan 1. A idon mutanen lokacin ciniki ne na adalci, wasu ma na ganin Plant ne ya ci riba. Matar ta rasu a 1956, aka yi gwanjon sarƙar a 1957, ba ta kai dala 200,000 ba. Da yake dala miliyan 1 na 1917 sun zama kimanin miliyan 2.2 a 1957, sarƙar ta zubar da sama da kashi 90 cikin 100 na darajarta a shekara arba'in. Gidan kuwa har yau shi ne babban shagon Cartier a Amurka.

Abin da ya karya ta ya faro ne daga Japan. Lu'ulu'u na halitta yana samuwa ne in wani abu ya kutsa cikin naman kawa, ita kuma ta yi ta lulluɓe shi da rufi bisa rufi na tsawon shekaru. Sai an fasa kawa ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kafin a dace da ƙwaya ɗaya mai kyau, haɗa sarƙa mai ƙwayoyi masu launi ɗaya da girma mai bin juna kuwa kan ci shekaru. A 1893 Kokichi Mikimoto ya sami nasarar sa kawa ta yi rabin lu'ulu'u ta hanyar dasa mata wani abu da hannu. Kafin shekarar 1920 an ƙware wajen fitar da cikakke mai zagaye, aka fara kai shi kasuwannin Landan da Faris da araha. Dillalan Turai sun kai ƙara kotu suna cewa jabu ne, ba su yi nasarar hana shi ba. Sannan karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta zo ta kwashe masu sayen na asalin.

Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu ba matan Fifth Avenue ba ne. A farkon ƙarni na 20, jami'in Birtaniya J. G. Lorimer ya ƙidaya jiragen ruwa kimanin 4,500 da mutum kimanin 74,000 da ke sana'ar nutso a Tekun Fasha, daga Kuwait da Baharen zuwa Katar da gaɓar da yau ake kira Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wata huɗu na zafi suke yi a teku, suna nitsewa da dutse a ƙafa da matsi a hanci, yawancinsu bashin masu jirgi ya ɗaure su, da yawa kuma bayi ne da aka kwaso daga Afirka ko 'ya'yansu. Kayan na tafiya Bombay a huda a zura, daga can Faris. Da kasuwar ta rushe a shekarun 1930, yunwa ta shiga garuruwan gaɓar. An haƙo man fetur a Baharen a 1932, masu nutso suka koma aikin kamfanin mai, sana'ar ba ta sake tashi ba.

Wannan mutuwar ita ce silar tsadar yau. Tun da kusan an daina nutso, sabon lu'ulu'u na halitta da ke shiga kasuwa kaɗan ne ƙwarai, abin da ake juyawa shi ne wanda aka tsamo kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Kaya ba sa ƙaruwa, masu kuɗi a ƙasashen Larabawa da Indiya da Sin suna ƙaruwa. A Afrilun 2007 Christie's ta sayar da sarƙar Baroda mai ƙwaya 68, ragowar wata mai zubi bakwai ta sarakunan Baroda na Indiya, kan dala miliyan 7.1, sama da dala 100,000 ke nan kowace ƙwaya in aka yi rabon kai-da-kai, kodayake an haɗa ta da 'yan kunne da zobe da abin maƙalawa a riga. Sarkin da ya tara su, Khande Rao, shi ne kuma ya sa aka yi shimfiɗar lu'ulu'u a 1865 da niyyar aika ta Madina kyauta ga kabarin Manzon Allah (SAW), alhali shi ba Musulmi ba ne. Ya rasu kafin a kai ta. An yi gwanjonta a Doha a Maris na 2009 kan kusan dala miliyan 5.5, tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi sama da miliyan ɗaya. Raba kuɗin da yawansu, ko da an manta da daimon da yaƙutun da ke jikinta, kowace ƙwaya ba ta wuce dala biyar da rabi ba. Irin halitta ɗaya ce, amma girma ya raba dala biyar da dala dubu ɗari.

Ido ba ya iya bambance na halitta da na kiwo, ko idon gwani. Sai an haska ƙwayar da na'urar ɗaukar hoton ƙashi a ga cikinta. Shi ya sa babu babban lu'ulu'un da ke hawa teburin gwanjo ba tare da takardar shaida daga ɗakin bincike irin SSEF ko Gübelin na Suwizalan, ko GIA na Amurka ba. Baharen, wadda ta haramta cinikin lu'ulu'un kiwo a ƙasarta, tana da nata mai suna DANAT. Sarƙa biyu da ba za ka iya rarrabewa a wuyan amarya ba, takardar nan ce ke sa ɗaya ta yi kuɗin mota ɗaya ta yi kuɗin unguwa.

A ɓangaren daimon lissafin ya fi sauƙin bi, domin ana iya raba kuɗi da karat. Sarƙar Anglesey tana da kimanin karat 300, ta kawo dala miliyan 4.8, dala 16,000 ke nan kowane karat, duk da raɗe-raɗin cewa wasu duwatsunta sun fito ne daga wata sarƙa ta abin kunyar 1785 da ta ɓata sunan Marie Antoinette. Raɗe-raɗi ne, kamfanin ma bai ce tabbas ba, farashin kuma ya nuna hakan. Awarwaro biyu na sarauniyar, masu daimon 112, waɗanda akwai takardar cewa ta saye su a 1776 kan liba 250,000 na kuɗin Faransa na lokacin, Christie's ta sayar da su a Nuwamban 2021 kan kimanin dala miliyan 8.2. Nauyinsu karat 140 zuwa 150 ne bisa ƙiyasi, don haka karat ya kama dala 55,000 zuwa 59,000. Duwatsun ba lallai ingancinsu ɗaya ba, amma tsakanin "ana jin nata ne" da "ga takarda" an sami ninki uku da rabi.

Da aka koma kan manyan duwatsu guda-guda sai alƙaluman su yi tsalle. Beau Sancy, karat 34.98, wanda Marie de Médicis ta sa a kambinta ranar naɗinta a 1610, ya kawo dala miliyan 9.7 a Mayun 2012, kimanin dala 277,000 kowane karat. Wata shida bayan nan aka sayar da Archduke Joseph, karat 76.02, fari fat marar aibi daga ma'adinan Golconda na Indiya, kan dala miliyan 21.5, kimanin 282,000 kowane karat. Ya ninka Beau Sancy girma, ya fi shi haske, amma karat ɗinsu ya tashi kusan kuɗi ɗaya. Shekara ɗari huɗu a gidajen sarauta huɗu ta biya wa ƙaramin abin da ya rasa. Archduke Joseph na da wani amfanin ga mai nazari, domin an taɓa sayar da shi a 1993 kan dala miliyan 6.5. Ninki uku da ɗoriya a shekara 19, kusan kashi 6.5 cikin 100 a shekara kafin a cire la'ada da hauhawar farashi. Wannan, a ganina, ya fi kusa da abin da dutse mai kyau ke bayarwa in an yi sa'a, ba ninki 320 ba.

Launi kuwa ya fi tarihi ƙarfi. Princie, ruwan hoda, karat 34.65, na gidan Nizam na Hyderabad, ya kawo dala miliyan 39.3 a 2013, sama da miliyan 1.1 kowane karat. Girmansa ɗaya da Beau Sancy, kuɗinsa ninki huɗu. Dillalin daimon Laurence Graff ya fahimci wannan sarai. A Disamban 2008 ya sayi shuɗin daimon na Wittelsbach, karat 35.56, wanda ya bi ta gidajen sarautar Sifaniya da Ostiriya da Bavaria, kan dala miliyan 24.3. Sai ya sa aka sake yanka shi ya koma karat 31.06. Karat huɗu da rabi da aka goge, a farashin da ya saya, sun haura dala miliyan 3. Masana tarihi suka yi ca a kansa cewa ya lalata yankan ƙarni na 17. Shi kuwa ya sami shuɗi mai zurfi da dutse marar tabo, rahotanni kuma suka ce ya sayar wa gidan sarautar Katar a 2011 kan abin da bai gaza dala miliyan 80 ba. A lissafin kasuwa ya yi daidai. Ni dai ina tare da masana tarihin, domin shuɗin daimon ana iya haƙo wani, aikin hannun mai yankan da ya mutu shekara ɗari uku da suka wuce kuwa ya tafi ke nan.

Sunan da ke ɗaga farashi yana iya kayar da shi. Wadda ta sayi kan sarƙar Marie Antoinette, kamar yadda ya bayyana daga baya, attajirar Ostiriya ce Heidi Horten. Ta rasu a 2022, Christie's ta yi gwanjon kayan adonta a Mayun 2023, aka tara kimanin dala miliyan 202, adadin da ya wuce na gwanjon kayan Elizabeth Taylor. Sai dai an riga an tono cewa mijinta Helmut Horten ya gina arzikinsa ne da sayen shagunan Yahudawa da aka tilasta wa sayarwa a zamanin Nazi. Ƙungiyoyi suka yi kira a ƙaurace, wasu dillalai suka janye, a ƙarshe kamfanin ya soke kashi na biyu na gwanjon. A cikin jimillar nan mai ƙyalli akwai jan yaƙutun Sunrise, karat 25.59, wanda aka saya dala miliyan 30.3 a 2015. Ya tafi a kan dala miliyan 14.6, har da la'ada. Fiye da rabin kuɗin ya narke a shekara takwas, a gwanjon da aka yi wa take da kafa tarihi.

Wani lokaci ma adadin da aka sanar ba a taɓa biyan sa ba. An buga wa daimon ruwan hoda mai suna Pink Star guduma a Janiba a 2013 aka shelanta dala miliyan 83, mai sayen ya kasa kawo kuɗi, dutsen ya koma hannun Sotheby's. Sai a 2017 aka sayar da shi a Hong Kong kan miliyan 71.2. Kayan da ba su sami mai saye ba kuwa ba sa shiga kanun labarai sam, kuma jimillar da ake sanarwa ba ta lissafa su.

Abin da ya sami lu'ulu'u a shekarun 1920 yana samun daimon a yanzu. Ana ƙera shi a masana'anta, sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, sai na'ura ke rarrabe su. Kamfanin De Beers da kansa ya buɗe reshen sayar da irinsa a 2018 kan dala 800 kowane karat, farashin ya ci gaba da zubewa har ya sanar da rufe reshen a 2025. Daimon na zoben aure, wanda ake da irinsa miliyoyi, shi ke shan wannan bugu. Tsofaffin duwatsun Golconda, waɗanda ma'adinansu suka ƙafe tun bayan da Barazil ta karɓe kasuwar a shekarun 1720, suna cikin rukunin da masana'anta ba ta iya ƙarawa, kamar lu'ulu'un Tekun Fasha. Amma mai son ya yi ajiya da su ya tuna cewa matar Plant ma abin da ba a iya ƙarawa ta ɗauka ta karɓa.

A ranar 19 ga Oktoba, 2025, ɓarayi suka shiga gidan tarihi na Louvre a Faris da safe suka kwashe kayan ado takwas na sarautar Faransa, ciki har da kambin lu'ulu'u na Eugénie, matar Napoleon na 3. Hukumomi suka yi musu kuɗi yuro miliyan 88, mai gabatar da ƙara ta Faris ta kuma yi gargaɗin cewa ɓarayin ba za su taɓa samun wannan adadi ba in suka ɓalle duwatsun suka narka ƙarfen. Ba za su iya sayar da su a haɗe ba, domin duniya ta san su. In kuma sun wargaza su, sun zubar da abin da ya sa aka ce miliyan 88.

Saboda haka in mai karatu ya sake ganin labarin wani kayan ado da ya kafa tarihi a gwanjo, ya fara cire kashi 14 zuwa 20 na la'ada, ya nemi nawa mai shi ya saye shi da kuma a wace shekara, sannan ya duba ko wanda ya yi tayin ya biya.